Soket Huɗu a Bayan Talabijin

"Wai shi wannan Injiniyan na sama, a wace makaranta ya karanta injiniyancin?"

Hajiya mai gidan da muke haya ce ta yi tambayar, kuma Tela ta yi wa, wanda shagonsa ke ƙasan ɗakinmu. Ni ina barandar sama ina shanya, ba su san ina ji ba. Tela ya ce shi dai iyakar saninsa, a shagon fotokofi na bakin titi mutumin yake aiki. Hajiya ta ce to ai shi ke nan, ta gane. Na ɗauki bokitina a hankali don kada ya yi ƙara, na koma ciki, saboda Injiniyan da ake magana mijina ne.

Sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Wata rana injin fotokofin shagonsu ya ƙi aiki, ana ta jiran mai gyara, shi kuwa ya kashe ya kunna, injin ya tashi. Ya dawo gida ya ce min ya gano sirrin da masu gyara ke ɓoye wa jama'a: na'ura kamar mutum ce, in ba ta yi barci ba sai ta haukace. Na ce to. Watanmu biyar da aure a lokacin, ban ma iya kallon idonsa in yi dogon zance ba, balle musu.

Mu kuwa na'urori sun cika mana falo. Akwai rauta mai kawo intanet, akwai ɗan akwatin da ake kallon finafinai da shi, akwai dikoda mai naɗar shiri a kalla daga baya, sai kyamarar da ya lallaɓi Hajiya ta yarda ya kafa a ƙofar gida, ita ma da nata akwatin naɗa a ɗakinmu. Dukkansu halinsu ɗaya. In sun yi kwanaki a kunne sai su sandare, mutumin cikin fim ya buɗe baki ya tsaya a haka, dikoda ta daina jin rimot. Maganin dai a zare filogi a mayar. Amma maigidana ya ce wannan aikin mutanen da ne, injiniya ba ya durƙuso a bayan talabijin kamar mai neman ɗan kunne. Lokaci zai sa musu, su riƙa kwanciya da kansu ƙarfe uku na dare suna tashi, sa'ad da ba mai kallo.

Tela ya ce ai ya ji wasu na'urorin suna da wannan tsarin a cikinsu, saiti kawai ake shiga. Maigidana ya yi dariya ya ce wannan na 'yan koyo ne. Ni na san dalilin dariyar. Shigarsa saitin dikoda ta ƙarshe, wani yare ya mayar da ita mai rubutu kamar ƙugiyoyi, kwana uku muna kallon abin da ta ga dama.

Sai ga shi da soket mai agogo. Abin fari ne, girman tafin hannu, da faifai a gabansa mai juyawa a hankali kamar agogo, gefen faifan kuma duk ƙananan haƙora, kowane haƙori kwata ɗaya ne na awa. Ranar Lahadi da safe ya soka shi a bango, ya jona masa igiyar wutar da ke ɗauke da komai na falo, har da firji. Ya danna haƙori ɗaya, ya kakkaɓe hannu. Na ji firji ya yi tsit, na ce masa kamar firji ya tsaya. Ya ce shiru alamar lafiya ce, in sa mayafina mu tafi gaida su Baba, mahaifinsa.

Da yamma muka dawo muka tarar da Tela zaune a kan matakala, da farin yadi a cinyarsa.

"Injiniya, ruwan sama aka yi yau a shagona. Kuma warin kifi yake."

Ashe haƙorin da aka danna shi ne na farkawa, ba na barci ba. Wato kwata ɗaya aka ba na'urorin su rayu, sauran awa ashirin da uku da kwata uku su huta. Firji ya narke, ruwan ya bi ta ƙasan ƙofa ya sami tsagar da ke kusa da bututu, ya sauka daidai kan yadin wani lauya. Maigidana ya ce wannan shi ake kira gwaji, kowane babban aiki sai da shi. Tela ya ce a gwaji na gaba a taimaka a sa kaza, lauyan ba ya cin kifi. Ni na wanke yadin sau huɗu.

Na ɗauka an gama. Ashe an fara.

Ya kwana biyu yana zane a bayan takardun fotokofi da suka lalace, ya fito da sabon bayani. Kuskuren, in ji shi, haɗa su barci ɗaya ne. Ko a gida ai ba a tashi lokaci guda: rauta ce uwa, ita za ta fara tashi, sai akwatin kallo, sai kyamara, dikoda a ƙarshe tare da talabijin. Ya ƙaro soket uku. Matsalar ita ce ramin wuta ɗaya ne a bangon bayan talabijin. Sai ya soka na farko a bango, ya sa adafta, ya soka na biyu a jikin na farko, ya sa adafta, na uku a jikin na biyu, haka har na huɗu. Abin ya fito daga bango tsawon hannuna, yana rinjaya ƙasa. Ya tokare shi da 'yar kujerar da nake zama a kicin, ya ɗaure bakin da igiyar shanyata a jikin ƙusa. Ya ja da baya yana kallo, ya ce wannan ita ce hasumiya, kada in kuskura in share kusa da ita.

Kwanakin farko kuwa ba abin da ya sandare. Sai ya riƙa tare mutane a matakala. Ya ba Hajiya lambar intanet, ya ba Tela, ya ce su yi amfani su ga yadda ake aiki. Ya ce wa mai kawo ruwa in ya so zai iya sa wa motarsa ma lokacin barci.

Ni ce mai yini a gida, don haka ni na fara jin abin. Soket ɗin in zai yanke wuta yana yin wani ɗan ƙara, ƙas. Wata safiya ina wanke-wanke na ji ƙas daga falo, ƙarfe shida da wani abu. Washegari na ji wajen ƙarfe bakwai. Na leƙa, dikoda ta mutu, bayan kwata ɗaya ta dawo. Ni karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, amma ina da ido. Na zauna a ƙasa na zuba wa hasumiya ido, nesa kaɗan yadda ba za a ce na taɓa ba. Da na uku ya yi ƙas, sai na ga faifan na huɗu ya tsaya cak. Bai ci gaba da juyawa ba sai da na uku ya farka. Wato kowane ɗaya in ya kwanta, yana tsayar da agogon na gabansa. Na biyu yana makara kwata ɗaya kullum, na uku rabin awa, na huɗu mai uku a bayansa kusan kwata uku. Barcin da aka ajiye ƙarfe uku na dare ya taso yana tafiya cikin rana.

Na gwada faɗa masa yana shan shayi. Na ce kamar agogon na ƙarshe yana baya. Bai ɗago ba ya ce, "Amarya, wannan ba tukunya ba ce. Ki bar wa masu ita." Na bar wa masu ita.

Ana cikin haka sabon bokitin ƙarfe na Hajiya ya ɓace a ƙofar gida. Ta hau sama da kanta, Tela na bayanta, ta ce yau ranar kyamara ta zo. Maigidana ya dawo daga shago musamman. Ya ba su kujeru, ya ce yanzu za su ga ɓarawo har launin takalminsa. Aka kunna. Ga bokiti ƙarfe tara daidai, yana ƙyalli. Hoto ya yi tsalle. Tara da kwata, ga ƙofa, babu bokiti.

Hajiya ta ce a mayar baya. Aka mayar. Bokiti, tsalle, babu bokiti.

"Wannan ba ƙaramin ɓarawo ba ne," in ji maigidana. "Ya san tsarina. Sai da ya jira."

Tela ya tambaya ko ɓarawon ma injiniya ne. Hajiya ta ce ita dai da ba kyamara, shekara ashirin bokitinta na kwana a waje. Ta sauka tana cewa da ta sani da kare ta yarda aka kawo, shi aƙalla in zai yi barci ana gani.

A satin ne Yaya, babbar yayar maigidana, ta bugo waya da labari. Baba, surukina, shekararsa arba'in da biyu yana gyaran agogo a ɗan shagonsa, kuma a duk layin shi kaɗai ya rage. Wata ƙaramar tashar talabijin ta je ta yi hira da shi a shirinta na masu sana'ar hannu. Ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma za a sa, sau ɗaya, ba maimaici. Yaya ta ce dole a naɗa, don jikoki da waɗanda ba a haifa ba, ta ce za ta nemi wanda ya iya. Maigidana ya miƙe tsaye da wayar a kunne.

"Ki nemi wa? Ina da rai? Ku zo gidana ku duka. In minti ɗaya ya ɓace a ciki, ki daina kirana ƙaninki."

"Auta," ta ce, don haka suke kiransa a gida, "ba fotokofi ba ne fa."

Ya ce za ta gani.

Ni kuwa na koma lissafi da yatsu. Ranar Alhamis dikoda ta kwanta biyu da rabi da 'yan mintuna. Ranar Juma'a uku da minti ashirin. Na ƙara kwata uku a kai, na sake ƙarawa ko na yi kuskure, amsar ba ta canza ba: huɗu da minti biyar. Ranar nan gishiri sau biyu na zuba a miya.

Na sake gwadawa da safiyar Asabar. Na ce ko za a cire dikoda daga hasumiya, yau ɗaya kawai. Ya ce yau ɗin ce ma ranar da hasumiya za ta nuna kanta, ya fita sayo lemo. Yana fita na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauko igiyar wutar da nake guga da ita, na jona a soket ɗin ɗakin kwana, na bi da ita ta ƙarƙashin kafet har bayan kabad, na zare dikoda da talabijin daga soket na huɗu na mayar a kanta. Na ja labule ya rufe wurin. Sai raina ya kwanta.

Ƙarfe uku da rabi falo ya cika. Baba a kan doguwar kujera da sabuwar riga, agogo biyu a hannunsa kamar kullum, ɗaya nasa ɗaya na gyara. Yaya da 'ya'yanta mata biyu. Hajiya ta hau, ta ce ba don Injiniya ta zo ba, don dattijon. Tela ma ya ja ƙofar shagonsa ya hau. Ni ina bakin ƙofar kicin da tire, inda ba sai na haɗa ido da Baba ba.

Da maigidana ya yi shiru na minti ashirin, da an wuce lafiya. Amma huɗu saura kwata ya ce kafin a fara bari ya zagaya da su. Ya ture kabad, ya ɗaga labule don a ga hasumiya, yana bayani tun daga na farko. Da ya zo na huɗu ya tsaya. Ramin babu komai. Ya bi igiyar gugata da ido har ƙarƙashin kafet.

"Wa ya taɓa min tsari?"

Ya juya kan Tela ya ce ya daɗe da sanin akwai masu hassada a gidan nan. Tela ya ce shi rabonsa da ɗakin nan tun ranar bokiti, kuma in zai yi hassada zai nemi abin da ke aiki. Bakina ya buɗe. Na ga Baba a zaune, na ga Yaya, na ga Hajiya, maganar ta koma ciki. Ina kallo ya zare filogin ya mayar a na huɗu, yana cewa Allah Ya kiyaye da ya gani da wuri.

Dikoda ta ɗauki lokacinta ta tashi, huɗu saura minti ɗaya. Ya danna naɗa, jan ɗigo ya fito, ya nuna wa Yaya da rimot. Sai ga Baba a talabijin, zaune a bayan teburinsa, gilashin gyara a ido ɗaya. Yara suka yi tsalle. Hajiya ta ce kai, dattijon nan hoto na karɓarsa. Baban cikin talabijin yana ba da labarin agogon farko da ya buɗe, Baban kan kujera yana gyaɗa kai yana yarda da shi. Ni agogon bango nake kallo. Huɗu da uku. Huɗu da huɗu. Mai hirar ya gyara zama ya ce, "To Baba, a cikin 'ya'yanka wa zai gaji wannan hannu?" Baban talabijin ya cire gilashin, ya ce, "Ina da ɗa namiji guda ɗaya..."

Ƙas.

Maigidana ya ce daga tashar ne. Tela ya ce tashar ba ta da iko da jan ɗigon, shi ma ya mutu. Maigidana ya ce to wuta aka ɗauke. Hajiya ta nuna masa fanka tana juyawa a kansa. Yaya sunansa kawai ta kira, "Auta," a hankali, wanda ya fi ihu ban tsoro. Maigidana ya faɗa bayan talabijin ya kama faifan na huɗu zai juya shi baya. Baba ya ce agogo ba a murɗa shi baya da ƙarfi. Kafin ya rufe baki faifan ya fito a hannun maigidana. Ya ja na huɗun zai zare, igiyar shanya ta tsinke, 'yar kujerata ta kife, hasumiya ta zubo gaba ɗaya da walƙiya da ƙauri. Fanka ta tsaya. Wutar ɗakinmu duka ta tafi.

"Sukundireba," yake cewa. "Amarya, sukundireba, shagon Tela."

Na sauka a guje, na ji daɗin samun dalilin fita. Ƙofar shagon a sakaye take. Ina turawa na ji muryar Baba. Ƙaramar talabijin ɗin Tela mai eriya tana kan kantar shagon a kunne, ya manta bai kashe ba, kuma wutar ƙasa ba ta tafi ba. Ban yi tunani ba, na ciro wayata na saita na danna ɗauka. Na rasa abin da ya faɗa a 'yan mintunan hargitsin, amma mai hirar yana ta dariya, ya roƙe shi ya maimaita don masu kallo.

"Na ce yana da shekara goma sha biyu na kai shi shago," in ji Baba. "Sati ɗaya ya yi. Agogo huɗu aka kawo canjin maɗauri, suna tafiya, suka koma gida ba sa tafiya. Yaro ne mai kirki, ba ya hana kowa abin hannunsa. Amma Allah baki Ya ba shi, bai ba shi hannu ba. In kun gan shi da sukundireba, ku karɓe cikin girma da arziki."

Na tsaya a nan har shirin ya ƙare, minti goma sha takwas, hannuna ya gaji ban sauke ba. Sannan na ɗauki sukundirebar na hau.

Na tarar Baba ya sauko daga kujera, ya jera soket huɗun a kan kafet, gilashinsa a ido, kowa ya kewaye shi.

"Auta, agogon nan me yake ci?"

"Wuta, Baba."

"Na biyun wa ke ba shi?"

"Na farko."

"To in na farko ya kwanta?"

Maigidana ya dubi soket, ya dubi silin. Tela ya ce shi ko allura ba ya zarawa a bayan wata allurar. Hajiya ta ce a cire mata kyamara daga ƙofa kafin ta tashi da gidan. Yaya ta bugi tashar, aka ce mata ba sa bayar da kwafi, ba sa maimaitawa. Ta ajiye wayar ta fara yi wa maigidana faɗa, tun daga rediyon mahaifiyarsu da ya buɗe yana yaro har zuwa yau, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Wayata tana cikin tafin hannuna a ƙarƙashin mayafi. Taku uku ne tsakanina da Yaya. Sai na ji Baba ya katse ta. Ya ce a bar maganar, abin da aka gani ya isa, surutun tsoho ne sauran, ba wani abin ajiyewa. Da sauri ya faɗa. Na saci kallonsa, na ga a duk falon shi kaɗai ne fuskarsa a sake. Har ya ce a ƙaro masa lemo. Da za su tafi ya ɗauki faifan da ya ɓalle ya sa a aljihu, ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce Allah Ya yi albarka.

Tela ne ya tayar mana da wuta daga wajen mita, da sukundirebarsa, bai bari maigidana ya riƙe masa ko tocila ba.

Bayan kowa ya watse maigidana ya zauna a ƙasa a tsakiyar tarkacen. Na kawo masa ruwa. Ya karɓa ya riƙe bai sha ba.

"Ba faɗan Yaya ne ya dame ni ba," ya ce. "Kin ji inda ya tsaya? Ina da ɗa namiji guda ɗaya. Ni zai yaba, Amarya. A gaban duniya Baba zai yabe ni, na kashe da hannuna."

Na ce Allah Ya sa haka shi ya fi alheri. Ya ce amin, ya sha ruwan, ya ce ko ba komai shi ya san abin da ke ran mahaifinsa.

Na shiga kicin na ja ƙofa, na rage murya na sake kallo tun daga farko. Baba ya fito da kyau, har ƙyallin gilashinsa. Ban goge ba, don hannunsa yana ciki yana buɗe agogo, kuma ba za a sake samun wannan ba. Na ɓoye shi can cikin wayar, a tsakanin hotunan ɗinki, na sa wa wayar sabuwar lamba. Yaya ba za ta ji ba, Baba ba zai san akwai shi ba, maigidana kuwa ya riƙe nasa ƙarshen hirar. Na ɗora ruwan shayi, na je ɗauko 'yar kujerata.